Dillalin Gida a Ogbete: Wa Za a Bi, Wa Za a Guda?

Duk wanda ya zaga tsofaffin unguwannin Inugu, daga Ogbete zuwa Asata da Uwani, zai yi ta cin karo da rubutu iri ɗaya a jikin katangu, da jan fenti ko baƙi, cikin Turanci: wai wannan gida ba na sayarwa ba ne, a yi hattara da 'yan damfara. Haka abin yake a Anaca, haka a Fatakwal. Mai gidan ne, ko magadansa, ke sanar da duniya cewa an taɓa kawo musu mai saye ba da saninsu ba, ko kuma suna tsoron a kawo. Shi kuwa mai saye ba ya kai kansa ƙofar gidan da bai sani ba. Dillali ne ke kai shi.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan yanki. An gano kwal a tsaunukan Udi a 1909, aka fara haƙarsa a 1915, layin dogo daga Fatakwal ya iso a 1916. Ogbete ita ce sansanin leburorin kwal, shi ya sa har yau ake ce mata Coal Camp. Inda duk aka tara masu albashi kuwa sai an nemi nama, don haka fatake da mahauta suka biyo baya. A shekarun 1950 har Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato mai fataucin shanu, ya zama magajin garin Inugu na farko a ƙarƙashin jam'iyyar NCNC. Yau ga 'yan Arewa nan a kasuwar Ogbete da ta Gariki, da kewayen babban masallacin titin Owerri a Asata, da karar shanu ta Ugwuoba. Ga su a titin Bida a Anaca, ga su a Diobu da Oyigbo a Jihar Ribas. Da yawansu haya suke zaune, kuma wanda Allah ya buɗa masa yakan fara gini ne a garinsu. Amma akwai waɗanda a nan aka haife su, a nan aka haifi iyayensu, da 'yan kasuwar da ke son gida mai shago a gaba da masaukin baƙi a baya. Su ne ke neman saye.

Suna zuwa da gado mai ƙarfi. Dillancin Bahaushe tsohon tsari ne, wanda ya riƙe fataucin goro da shanu tsakanin Arewa da Kurmi shekara da shekaru. Falke ya sauka gidan fatoma, fatoma ya haɗa shi da dillali, a taya, a ce albarka, a ƙara, a sallama, a fitar da la'ada. Masanin nan Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda ake ba mahauta shanu bashi babu ko takarda, saboda fatoma ne ke tsaya wa cinikin da mutuncinsa, kuma wanda ya ci amana sau ɗaya ya gama cin kasuwa. Tsarin yana aiki har gobe a karar shanu ta Ugwuoba da ta Lokpanta.

Sai dai sa yana tsaye gaban mai saye. Ya duba haƙoransa, ya taɓa tozonsa, ya biya, ya ja abinsa. Wanda ya sayi gida ba ya jan komai. Bulo da kwano su ne ƙaramin abin da ya saya. Babban shi ne haƙƙin zama a kan ƙasar, kuma wannan haƙƙi yana cikin takardu, da tarihin hannayen da gidan ya bi, da yardar mutanen da watakila ba su ma cikin ƙasar. Dillali na iya zama mai gaskiya, mai sallah a sahun farko, amma bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. A nan mutane da yawa ke faɗawa rami, ba don an cuce su da gangan ba, sai don sun auna dillalin gida da mudun dillalin kara.

Yawanci ga yadda abin ke tafiya. Alhaji ya ja wani dillalin unguwa gefe bayan sallar la'asar, ya ce yana neman gida kusa da kasuwa. Dillalin bai san mai gida ko ɗaya da ke sayarwa ba, amma ya san wani ejan ɗan ƙabilar Ibo. Shi ma ejan daga bakin wani ejan ya ji, wanda shi kuma mai kula da gidan ne ya tsegunta masa. Kafin mako ya zagayo an kai Alhaji ya ga gida mai ɗaki goma sha biyu da rijiya, mutum huɗu na biye da shi, kowa na kaɗa makulli.

"Alhaji, gidan nan fa ba zai kwana ba. Akwai wani daga Aba da ya ce zai kawo kuɗi ranar Laraba."

"To, Malam, ina shi mai gidan?"

"Yana Amurka, ranka ya daɗe. Amma ƙanensa na nan, komai a hannunsa yake."

Wannan ba lalle damfara ba ce. Gaskiya ne masu gidaje da yawa a Inugu da Anaca suna Legas, ko Ingila, ko Amurka. Amma gaggawa da rashin mai gida, idan suka haɗu a zance ɗaya, sun isa su sa mutum ya mayar da hannunsa aljihu. Dillalin kirki zai haɗa mai saye da mai gida ko ta kiran bidiyo ne, a ji farashi daga bakinsa, a kuma ga rubutacciyar shaidar cewa ya wakilta ƙanen nasa. Wanda ya fara kewaye-kewaye da zarar an ce a kira mai gida, galibi abu biyu ne: ko bai san shi ba, ko an ɗora wani abu a kan farashin da ba a son a ji. Mutum huɗun nan da ke biye, kowa da rabonsa, kuma ba daga aljihun mai gida zai fito ba.

Shi ya sa maganar la'ada ake fara yankewa, tun kafin a shiga mota. Abin da aka saba ji a cinikin gida shi ne kashi 5 cikin 100, wasu su nemi har 10. A tambaya: la'ada ciki ce ko waje? Ta mutum ɗaya ce ko ta dukan ayarin? A rubuta a sa hannu. Akwai kuma 'yan kuɗin gani da ejan-ejan ke karɓa kafin su nuna gida. Ba laifi ba ne a biya kuɗin mota, amma wanda ke yawo da mutum gida-gida yana karɓa, alhali babu wanda ya yi kama da abin da aka ce ana so, da kuɗin ganin yake cin abinci, ba da ciniki ba.

Gwajin da ya fi raba aya da tsakuwa shi ne na takardu. Tun ranar 29 ga Maris 1978, da gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, duk filin da ke cikin jiha yana hannun gwamna ne a matsayin amana. Abin da mutum ke samu izinin zama ne, galibi na shekara 99, da takardar da kowa ke kira C of O. Sashe na 22 na dokar ya ce ba a sayarwa ko a jinginar sai da amincewar gwamna, kuma a 1989, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina ɗungurungum saboda rashin wannan amincewa. To, neman amincewar na cin kuɗi da lokaci, don haka a jihohin Gabas aka saba da wata gajeriyar hanya: maimakon takardar sayarwa, sai lauya ya rubuta takardar wakilci, wadda ke ba mai saye ikon yin abin da ya ga dama da gidan a madadin mai shi. Ejan-ejan za su ce ai kowa haka yake yi, kuma ba ƙarya suka yi ba. Amma a 1993, a shari'ar Ude da Nwara kan wani gida a Fatakwal, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa takardar wakilci ita kaɗai ba ta mayar da mallaka daga wani zuwa wani. Wakili wakili ne. Dillalin da ya san aikinsa zai ce a haɗa da cikakkiyar takardar sayarwa, a kuma bi sawun amincewar gwamna ko da za ta ɗauki watanni.

Saboda haka mai saye ya nemi kwafin takardun tun a zama na farko ko na biyu, ya ba lauyansa ya je ya bincika a ofishin rajistar filaye. A Inugu akwai hukumar ENGIS, a Anambra ANAMGIS, irin aikin da KANGIS ke yi a Kano da KADGIS a Kaduna. Can ne ake ganin sunan wa ke kan fayil, ko gidan na jingine a banki, ko akwai ƙorafi a kansa. Idan dillali ya ce ba za a ga kwafi ba sai an ajiye kafin alƙalami, an gama magana. Lauyan kuma ya zama na mai saye ne, shi ya nemo shi, shi zai biya shi. Lauyan da dillali ya kawo, ko yaya kirkinsa, yana da dalilin son cinikin ya faɗa.

Inda baƙo ya fi tuntuɓe shi ne gidan gado. A ƙasar Ibo fili da gida sau da yawa na dangi ne, ba na mutum ɗaya ba, kuma kotunan Najeriya sun daɗe da kafa ƙa'ida a kai. Tun shari'ar Ekpendu da Erika a 1959 aka tsaida cewa idan manyan dangi suka sayar ba da shugaban gidan ba, cinikin banza ne daga tushe. Idan kuma shugaban ya sayar da sunan dangi ba da yardar manyan ba, suna iya zuwa kotu a warware. Sai kuma batun mata. Ga Musulmi rabon 'ya mace a gado ba sabon labari ba ne, amma a al'adar Ibo an daɗe ana hana ta, har sai da Kotun Ƙoli, a shari'ar Ukeje ta 2014, ta ce hanin ya saɓa wa tsarin mulki. A 2022 Jihar Ribas ta ƙara da dokarta da ke tabbatar wa mata rabo a dukiyar iyali. Har yanzu akwai tsofaffin ejan da idan aka ce su tara magada sai su tara maza zalla, su ce matan ai sun yi aure. Wanda ya biya a kan sa hannun 'ya'ya maza uku, ya bar mata biyu a Legas ba su sani ba, ya sayi gida ya haɗa da shari'a. A nemi takardar kotu da ta naɗa masu kula da dukiyar mamacin, a ga sunayensu, su ne kuma za su sa hannu.

Kowane gari da nasa ƙullin. A Anaca akwai tsohuwar hayar goro: dangi masu ƙasa su ba baƙo fili bayan ya kai goro da ɗan abin da ya sawwaƙa, ya yi gini, 'ya'yansa su gada, amma asalin ƙasar na nan ga dangin, kuma a al'ada ba ya miƙa wa wani sai da saninsu. Dangin Mgbelekeke sun yi suna a wannan, har Turawa suka yi wa irin wannan haya doka a 1935. Shari'ar Mojekwu, da ta je Kotun Ɗaukaka Ƙara a 1997 ta kai Kotun Ƙoli a 2004, a kan irin wannan gida aka yi ta. Dillalin da ke nuna tsohon gida a tsakiyar Anaca bai iya cewa ko na hayar goro ne ba, bai kai a bi shi ba.

Fatakwal kuma tana da tabon yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Gidajen da 'yan ƙabilar Ibo suka gudu suka bari, gwamnatin Ribas ta ayyana su a matsayin dukiyar da aka yasar, wani kwamitin gwamnatin tarayya ƙarƙashin David Mark, lokacin yana hafsan soja, ya sayar da da yawa, dokar soja ta 1979 kuma ta halatta cinikin. Har yau ana iya samun tsohon gida a Diobu da iyali biyu ke riƙe da takardarsa, kowa da labarinsa. A gefen gari kuwa, inda ake sayen fili a yi gini, sai mutum ya sauke yashi matasan unguwa su ɓullo suna neman kuɗin taka ƙasa. Gwamnati ta haramta, amma bai mutu ba. Dillali ɗan gari ya san wa za a gaisar da wa za a yi wa shiru. Wannan ilimi ne na gaske, kuma shi ne babban dalilin da ya sa Bahaushe ke buƙatar ɗan ƙasa a cikin cinikin, ba ɗan'uwansa kaɗai ba.

Abin mamaki, cinikin da ya fi saurin ruɓewa shi ne na tsakanin Hausawa su ya su. Wani dattijo ya rasu ya bar gida a Ogbete. 'Ya'yansa wasu na Inugu, wasu na Kano, wata na aure a Maraɗi. Babu kotun shari'ar Musulunci a Inugu ko Anambra ko Ribas, don haka liman da dattawa ne ke raba gado a zaure, a yi fatiha a tashi. Rabon ya halatta a addini, amma fayil ɗin gwamnati bai san an yi ba, sunan marigayin ne a kai, ko ma sunan wanda ya sayar masa tun kafin rikicin 1966, lokacin da 'yan Arewa suka bar Gabas. Babban ɗa ya ce ya sayar, dillali ya ce ai gidan Alhaji wane ne, kowa ya san shi. Mai saye kuma kunya ta hana shi tambayar takarda, kada a ce ya zargi ɗan mutunci. Da Ibo ne mai gidan da ya kira lauya tun ranar farko. Bayan shekara biyar sai ga wata 'yar marigayin ta sauka daga mota da mijinta, ta ce ita ba ta sayar da rabonta ba. Dillali nagari shi ke ɗauke wa mai saye wannan kunyar. Shi zai ce, "Yallaɓai, a kirawo duk magada, na nesa a same su a waya gaban shaidu, don gobe."

Sarkin Hausawa da majalisarsa na da amfani a nan, amma a san iyakarsa. Fada ce wurin da ya fi dacewa a tambayi halin dillali: shekararsa nawa a garin, ina iyalinsa, an taɓa kawo ƙararsa? Idan rigima ta tashi, sarki na iya kiransa ya zo. Sai dai hatimin fada a kan takardar ciniki shaida ce cewa an yi ciniki, ba shaidar cewa mai sayarwa ya mallaki abin da ya sayar ba.

Akwai kuma masu ofis da lasisi. Ƙwararrun masu ƙiyasta darajar gidaje suna da ƙungiyarsu, NIESV, tun 1969, da hukumar ESVARBON da dokar 1975 ta kafa don yi musu rajista da hukunta wanda ya saɓa. Amfaninsu shi ne suna da lambar rajista da za a bincika, da lasisin da suke tsoron rasawa, kuma su ne za su iya faɗin ainihin darajar gida ba tare da la'akari da la'ada ba. Amma dillancin gida a Najeriya buɗaɗɗiyar kasuwa ce, kowa na iya buga kati ya kafa allo. Ofis mai na'urar sanyaya ɗaki ba hujja ba ne. 'Yan 419 ma sun iya kama ofis na wata uku. Ga mai sayen gida na miliyoyi, abin da ya fi shi ne ya bar dillalin unguwa ya nemo, ƙwararre ya ƙiyasta, lauya ya bincika, kowa a biya shi daidai aikinsa.

Safiyo ma kada a manta da shi. Shi zai auna filin, don abin da ake kira fuloti a wani gari ba shi ne fuloti a wani ba, ya kuma kai ma'aunin ofishin babban safiyon jiha a ga ko wurin na cikin filin gwamnati, ko na hukumar jiragen ƙasa, ko kan hanyar da za a faɗaɗa. A 2024 gwamnatin Jihar Inugu ƙarƙashin Peter Mbah ta rushe gine-gine a yankin Holy Ghost, dab da kasuwar Ogbete, da Gariki da Abakpa, domin gina tashoshin mota. A watan Agusta 2009 aka share unguwar Njemanze da ke bakin ruwa a Fatakwal. A irin wannan rana wanda ke da rasit ɗin dillali kawai shi ke shan wahalar neman diyya. A kuma je ganin gida da damina. Wanda ya ga abin da ambaliyar 2012 da ta 2022 suka yi wa Ogbaru da gefen Anaca, ko yadda zaizayar ƙasa ke cin unguwanni a Anambra da Inugu, ba zai yarda da dillalin da ke nuna gida a watan Janairu yana rantsuwa ruwa ba ya shiga ba. Maƙwabta sun fi shi sani, kuma tambayarsu kyauta ce, musamman idan an koma ba tare da shi ba.

Ranar biya, 'yan kara da 'yan gwari sun saba da tsabar kuɗi a buhu. A cinikin gida wannan ganganci ne, kuma dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar da ta wuce naira miliyan 5 sai ta banki. Kuɗin ya tafi asusun wanda sunansa ke kan takarda, ko na masu kula da dukiyar mamaci, a rubuta abin da aka biya dominsa. Ba asusun dillali ba, ko da ya ce zai miƙa da yamma. Takardun asali kuma su shigo hannun lauyan mai saye a zaman da aka biya.

La'adar ma gara a raba ta biyu, rabi ranar biya, rabi ranar karɓar makulli. Tsofaffin gidajen Ogbete da Diobu cike suke da 'yan haya, ɗaki-ɗaki, wasu sun biya shekara gaba, wasu sun fi mai sayarwar daɗewa a gidan. Ɗan hayan shekara, idan babu wata yarjejeniya a rubuce, yana da haƙƙin notis na wata shida, kuma wanda ya ƙi tashi kotu ce kaɗai ke fitar da shi. Kafin a biya sauran la'adar, dillali ya tara su gaban tsohon mai gida da sabo, a rubuta sunan kowa, da ɗakinsa, da watan da hayarsa ke ƙarewa, da bashin wuta da na ruwa da aka tarar.